Ciwon Kunkurun Baba Mamman

Ku da kuke shigowa garejina a Tudun Wada da waya a hannu, kuna nuna mini wani Bature yana kwance inji cikin minti huɗu, kuna cewa ashe aikin ba wuya, ku nemi benci ku zauna. Kwancewa ba aiki ba ce, ko ɓarawo ya iya ta. Zan ba ku labarin inji mai fistin ɗaya tak, wanda bai fi janaretan mai shayi rikici ba, amma ya yi mako uku yana wasa da hankalina, ni Bala da na haura shekara arba'in a wannan sana'a.

A Tsafe na koya, wurin wani mutum da ake kira Malam Dogo, Allah ya jiƙansa. Injin niƙa yake gyarawa da injin ban-ruwa. Kayan aikinsa kaf a tsohon akwatin ƙarfe ɗaya suke: sifanu shida da ba su yi kama da juna ba, filaya, guduma, guntun zarto da yake goge bakin fulogi da shi, sai wata doguwar sukundireba mai ƙotar katako. Zai ɗora bakinta a jikin inji yana aiki, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido kamar mai jin wa'azi, can sai ya ce bawul ne, ko ya ce ringi ne. Na yi kusan shekara a wurinsa ban taɓa ko noti ba, wanke kaya nake yi da kananzir ina saurare. Idan na yi azarɓaɓin cewa ga abin da ya lalace, sai ya dube ni ya ce, "Wa yag gaya maka, injin ko bakinka?" Sukundirebar ce waccan a rataye, kuma kada wanda ya taɓa mini ita.

A wurinsa na san abin da muke kira misin. Inji yana tafiya lafiya sai ya riƙa tsallake bugu, ya yi tari, ya fizga, wani lokaci ya mutu. Abu uku ke sa inji ya buga, mai da iska da wuta, kuma da zarar ɗaya ya yi latti an samu misin. Wanda yake nan kullum ba shi da wahala, za ka bi shi a hankali har ka kama shi. Mugun shi ne mai zuwa ya tafi. Zai addabi mai inji da safe, ka zo da rana ka same shi yana kaɗawa sumul, mai injin yana rantsuwa, kai kana kallonsa kamar maƙaryaci. Irin wannan ya sa bakanike da yawa sun canza kayan da lafiyarsu ƙalau, ɗaya bayan ɗaya, suna fatan a dace.

Aikin da zan ba ku labari ya zo ne a ƙarshen wata shekara da ba na son tunawa. Shekarar ce hanyoyin ƙauye suka ƙi biyuwa saboda rashin tsaro. Manoman fadama na wajen Magami, waɗanda su ne rabin masu kawo mini aiki, suka daina shigowa gari da injinan ban-ruwa, ni kuma ba na iya zuwa in same su. Sai in buɗe gareji da safe, in share, in jera sifanu, in zauna har la'asar ba wanda ya yi sallama. Mutum biyu da muke layi ɗaya suka rufe, ɗaya ya koma acaɓa, ɗaya ya tafi Kano. Ni na ƙi tashi, ba don na fi su haƙuri ba, don dai ban iya komai ba sai wannan.

Wata Asabar da hantsi, damina ta janye ana shirin girbi, wata babbar mota ta tsaya a ƙofar garejin. Wanda ya fito ya ce sunansa Alhaji Kabiru, yana sayar da motoci a Kaduna, amma asalinsa mutumin wajen Furfuri ne. Mahaifinsa, Baba Mamman, ya haura tamanin, gwiwoyinsa sun gaza, daga ɗaki zuwa ƙofar gida ma sai da sanda da jan numfashi. Yana da lambun mangwaro da gwaiba da lemo a bayan gidansa, wanda ya dasa da hannunsa tun yana da ƙarfi. Da tafiya ta gagare shi, sai Kabiru ya sayo masa wata 'yar ƙaramar mota a Kwatano, irin wadda masu wasan golf ke yawo da ita a filinsu, mai amfani da fetur. Ba ta da ƙofa, ba kiloci, ba giya sai gaba da baya. Ka taka totur ta tashi ta tafi, ka ɗaga ƙafa ta mutu. Injin a ƙarƙashin kujera yake. Tsohon ya koye ta a yini ɗaya, mutanen gari suka sa mata suna Kunkuru, kuma kullum da ita yake zagaya itatuwansa.

Sai ta fara misin. Ranar da abin ya ɓaci, ta yi tari ta mutu a can ƙarshen lambun, tsohon ya yi ta taka totur har batir ya ƙare. Nomau, mutumin da ke kula da lambun, ya tafi kasuwa Bungudu. Baba Mamman ya gwada takowa da ƙafa ya faɗi, a nan ya zauna cikin rana tun azahar har bayan la'asar.

Alhaji Kabiru ya ce, "Malam Bala, bakanike biyu sun taɓa ta. Ɗaya ya canza fulogi, ɗaya ya wanke kafireta, duk banza. Nan da mako uku zan dawo. In har ba ta daina ba, zan ɗauke shi mu tafi Kaduna, lambun kuma in sa shi kasuwa. Ba zan zauna ina jiran a bugo mini waya a ce an tsinci ubana a gindin mangwaro ba."

Ban ga laifinsa ba. Na ce in Allah ya yarda aikin yini ɗaya ne, kuma da na faɗa har cikin raina haka na ɗauka.

Zuwan farko na buga wa Nomau waya tun da daddare na ce gobe ina tafe, kamar yadda ya kamata. Na iske Kunkuru a ƙofar gida an wanke ta tas, har tayoyin suna ƙyalli. Baba Mamman yana kan tabarma a inuwa, ɗan siririn tsoho mai farin gemu da ido mai kaifi. Na durƙusa muka gaisa, aka kawo fura, sannan na ɗaga kujera. Inji tsaf, ba ɗigon mai, ba tsatsa. Na hau ni kaɗai na zagaya lambun sau uku, ko tari ɗaya ba ta yi ba. Na cire fulogi, bakinsa launin ƙasa-ƙasa, alamar lafiya. Na tambayi Nomau inda suke sayen mai, ya ce wurin 'yan bumburutu a bakin titi. Na ce to ga ɓarawon nan. Na zuƙe tankin a kwalba na ɗaga ta a rana, ban ga ruwa ya kwanta a ƙasa ba, amma duk da haka na wanke tankin, na hure tiyo, na canza matatar mai, na sake wanke kafiretar da wancan ya wanke. Na yi sallama ina tafiya ina jin kaina. Kwana biyu Nomau ya bugo ya ce, "Malam, ta sake."

Zuwa na biyu na tafi da zargin wuta. Akwai kwayil da ke ba da wuta lafiya idan yana da sanyi, in ya ɗauki zafi sai ya fara yankewa. Na ɗora buhun masara a kujera don ya zama nauyin mutum, na yi awa guda cur ina zagaye har injin ya yi zafin da ba a taɓawa. Shiru. Na gwada wutar, shuɗiya ce mai ƙarfi. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ina girgizawa, na duba makunnin da ke ƙarƙashin totur, na auna bawul, na manna sukundirebar Malam Dogo a kunne ban ji komai ba sai lafiya. A ƙarshe na sami wata wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfe ta ɗan saki. Na goge, na ɗaure, na gaya wa kowa an gama. A raina na san ƙaramin abu ne, amma ina son ya zama shi ne, sai na yarda. Kwana uku aka sake bugowa.

Abin ya fara ba ni haushi. Na nemi akori-kura na ɗauko ta zuwa nan Gusau, ta kwana huɗu a inda kuke zaunen nan. Safe da yamma ina hawa ina zagaya unguwa, mutane suna fitowa kallo, wasu suna tambaya ko na bar gyara na koma yawon buɗe ido. Na bi da ita ramuka, na hau tudu, na bar ta a rana, na tayar da ita da sanyin safiya. Ko sau ɗaya ba ta yi misin ba.

Ranar da na mayar da ita na ga abin da kwana huɗun nan suka yi wa tsohon. Yana nan kan tabarmarsa, fuskarsa ta faɗa, ga lambun a bayan katanga amma ya yi masa nisa kamar wani gari. Da muka gaisa ya riƙe hannuna bai saki ba.

Ya ce, "Malam Bala, in ba ta gyaruwa ka hwaɗa mani gaskiya. In sa Nomau shi ɗauke ni a baro, in bi itatuwana in yi musu bankwana tun Kabiru bai zaka ba. Kaduna ɗaki za su sa ni, da hwanka da talabijin. Wata biyu ba ni kaiwa."

Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni. Na ce ya ƙara mini kwana kaɗan. Washegari da yamma Nomau ya bugo, ta sake yi, amma ta farfaɗo ta kawo shi gida.

A kan babur ina dawowa daga sayen kaya tunanin ya zo mini. Sau uku ina ganin motar nan, kuma sau ukun a wanke na gan ta. Motar da ke yini a lambu, ban taɓa ganin ko ganye ɗaya a cikinta ba. Sannan duk gwajin da na yi ni kaɗai na yi shi, ko ni da buhun masara. Ban taɓa ganin mai ita yana tuƙa ta ba. Dalili kuwa ku ma kun san shi. Kujerar ɗaya ce, 'yar ƙarama, kuma a wurinmu ba ka matsa ka zauna kafaɗa da kafaɗa da sa'an mahaifinka. Tambayoyina ma duk Nomau nake yi wa, don ina jin nauyin in tsare dattijo da tambaya kamar ɗan sanda. Ladabi ya sa ina bugo waya kafin in zo, su kuma ladabi ya sa suna gyara ta kafin in iso. Mako biyu da rabi muna ta girmama juna, ciwon yana zaune abinsa.

Saura kwana huɗu Kabiru ya dawo na tafi ba sanarwa. Na iske Nomau yana gyaran shinge, ya gan ni ya riƙe baki.

"Haba Malam! Ba ka hwaɗi kana zuwa ba, ga ta can duk taɓo, ba mu wanke ba."

Na ce, "Haka nika son ta."

Baba Mamman yana shirin fita, ya riga ya hau. Na durƙusa a gefen motar na ce, "Baba, ka gahwarce ni, yau rashin kunya za ni yi. Kai za ka tuƙa, ni in zauna gehenka, ka yi duk abin da kaka yi kullum awa ba ni nan."

Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Hau mana. Ni da nika neman abokin hira."

Muka shiga lambun. Tuƙinsa a hankali ne, yana tsayawa kusan kowace bishiya. Wannan mangwaron daga Zariya ya kawo irinsa, wancan lemon ya dasa shekarar da aka haifi Kabiru, waccan gwaibar sau biyu yana sare ta tana dawowa, shi ya sa yake kiranta mai taurin kai. Kunnena ɗaya yana wurinsa, ɗaya yana ƙarƙashin kujera. Awa ɗaya da rabi inji yana bugawa daidai, har na fara jin na zo a banza.

Rana ta kusa tsaka muka isa rijiyar da ke ƙarshen lambun. Ya tsaya ya ce in sauka. Ya jingina da sandarsa, ya ɗaga kujerar da hannu ɗaya. Sai ga wata tsohuwar butar ƙarfe a rataye da waya a jikin ƙarfen motar, daf da inji, a wurin da sau uku ina dubawa ban ga komai ba. Ya ciro ta ya miƙo mini.

"Cika mani ita, ɗana. Ka cika ƙwarai, Nomau rabi shika zubawa."

Na ja guga na cika ta har wuya. Ya mayar da ita ya rataye, ya rufe kujera, muka hau. Ya ce yanzu sai mu ƙara zagaye ɗaya kafin azahar ruwan ya yi ɗumi. Ya karya ta wani fili da aka cire gyaɗa, inda kunyoyi suke nan ba a baje ba. Muka hau kunya ta farko, ta biyu, a ta uku Kunkuru ta yi tari, ta fizga, ta sake tari.

Na ce, "Baba, ɗaga ƙahwa!" Na diro, na taimaka masa ya sauka, na ɗage kujerar da sauri. Butar tana lilo, ruwa yana tsalle ta bakinta, ya jiƙa robar da ke rufe kan fulogi, yana ɗiga a jikin inji yana cuu. Na tsaya ina kallo. Kafin minti biyu zafin injin ya shanye shi tas, ba ko alama. Ko da ba a cire butar ba, duk wanda ya zo bayan minti biyar busasshen inji zai gani.

Na zare robar na juya ta a rana. A ƙasanta, ɓangaren da ido ba ya kaiwa, akwai tsaga siririya kamar gashi. A bushe wuta tana wucewa lafiya zuwa fulogi. Da ruwa ya shiga tsagar sai wutar ta sami gajeriyar hanya ta tsallake zuwa jikin inji. Ban yarda da idona kaɗai ba, don sau biyu ina yaudarar kaina. Na ɗaga tayoyin baya a kan duwatsu, na sa Nomau, wanda ya biyo mu a ƙafa, ya danna totur da hannu, inji yana bugawa daidai. Na ɗiga ruwa da yatsa a kan robar. Nan take ta yi tari, muka ji ƙas-ƙas, muka ga 'yar shuɗiyar wuta tana tsalle. Sau uku na maimaita, sau uku ta amsa. Wallahi daɗin da na ji a wurin nan ban ji irinsa ba a duk shekarar.

Daga nan komai ya fito fili. Ranar da Nomau ya zuba rabi, ba ta yi. Ranar da Baba ya bi hanya mai laushi, ba ta yi. Sai an cika buta kuma an bi kunyoyi.

Na dubi Nomau na ce, "Kai kuma mi ya sa ban taɓa ganin butag ga ba?"

Ya ce, "Ai Malam ba a kawo ma baƙo mota da tarkace. Baba yac ce in za ka zo a ɗauke komi a wanke. Ni ƙaƙa za ni san buta na kashe mota?"

Baba Mamman ya zauna a gefen motar. Ya miƙo mini hannuwansa. Sai a lokacin na lura da yatsun, gaɓoɓin duk sun kumbura sun karkace. Ya ce ruwan rijiya in ya taɓa su da sanyinsa, ranar ba ya iya riƙe ko cokali. Wata rana ya ji kujerar tana ɗumi a ƙarƙashinsa, shi ne ya yi wannan dabara, ya samu yana alwala ba azaba, ba tare da ya sa kowa hura wuta ba.

Ya ce, "Kada ka hwaɗa ma Kabiru. Cewa za shi yi tsoho ya ruɗe, da hannunai yal lalata mota. Ko ta gyaru sai shi ɗauke ni."

Na ce, "Baba, ƙarya ba ni yi mashi. In ya tambayi abin da yal lalace, roba ta, kuma ita za ni nuna. Sauran magana taka ta."

To a nan nake son ku buɗe kunne. Da ɗayanku ne, na san abin da zai yi, ya canza roba, ya jefar da buta, ya ce wa tsoho kada ya ƙara. Motar ta gyaru ke nan, mai motar kuma ya koma alwala da ruwan sanyi, ko ya jira ka tafi ya mayar da butarsa. Robar a Gusau na samo ta wurin masu kayan janareta, abin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Yinin da ya biyo baya kuwa a wurin mai walda na ƙare shi. Muka yi zoben ƙarfe daidai gindin butar, na ɗaure shi da noti a ɓangaren salansa, nesa da wayoyi, nesa da tiyon mai, bakin butar yana kallon waje. Na sassaƙa mata toshi na katako, na sa ɗan gwangwani tsakaninta da inji. A can ma ruwan ya fi saurin ɗumi. Na kuma gaya wa Baba ko da wata rana ta yi tari, ya ɗaga ƙafa ya jira, kada ya ƙarar da batir, wayarsa kuma ta riƙa zama a aljihun gaba, ba a ƙarƙashin matashi ba.

Ranar Asabar Alhaji Kabiru ya iso da hantsi. Na riga shi zuwa. Da ya buɗe motarsa na hango kujerar gaba an kwantar da ita, an shimfiɗa bargo da matashi. Ashe ya zo da shirinsa. Bayan gaisuwa ya tambaye ni, na ciro tsohuwar robar na lanƙwasa ta ya ga tsagar.

Ya juya ta a hannu ya ce, "Malam Bala, ba raini ba, waɗancan ma kowa da abin da ya nuna mini. Sai na hau da kaina."

Baba Mamman ya ce, "Hau. Ni ka tuƙi."

Suka tafi, ni da Nomau muna biye a kan babur. Na san butar tana ciki, kuma na san a cike take, don ni na cika ta da safe. Na ɗauka tsohon zai bi hanya mai laushi. Ina! Kai tsaye ya nufi filin gyaɗa, ya hau kunyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, Kabiru yana riƙe da ƙarfen rufi hularsa tana neman faɗuwa. Ni kuwa a baya kunnena ya miƙe, bakina yana addu'a. Suka ƙetare filin, ya juyo ya sake bi ta kai. Inji yana bugawa daidai kamar agogo.

A bakin rijiya suka tsaya, daidai lokacin da kiran azahar ya taso daga cikin gari. Kabiru ya sauka ya nufi guga zai ja wa mahaifinsa ruwa. Baba Mamman ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon kujerar. Sannan ya ce, "Kabiru, bar gugan nan. Zaka ka ɗaga wagga."

Kabiru ya ɗaga kujera, ya ga buta zaune a zobenta. Ya ce, "Baba, wannan fa?"

"Ita tak kashe motar. Ni nas sa ta. Malam Bala ya sake mata wuri."

Na ga fuskar Kabiru ta canza, ya buɗe baki zai yi magana. Sai tsohon ya miƙa hannuwansa biyu kamar mai jiran a zuba masa. Kabiru ya ciro butar, ya cire toshin, ya ɗan zuba a bayan hannunsa ya ji ɗumin. Sai ya dubi yatsun mahaifinsa. Ya daɗe yana dubansu.

Ya ce, "Tun yaushe suke haka?"

"An jima."

"Ba ka taɓa faɗa mini ba."

"Kai ma ba ka taɓa tambaya ba. Zuba, lokaci na wucewa."

Alhaji Kabiru ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna a ƙasa, ya riƙa zuba wa mahaifinsa ruwa a hankali har ya gama alwala. Ni da Nomau muka ja da baya muka yi tamu da ruwan guga. A gindin mangwaro muka yi sallah, Baba a zaune, mu a tsaye.

Da muka sallame sai Kabiru ya tashi ya zagaya motar, ya taɓa zoben, ya girgiza shi ya ji ƙarfinsa. Can ya juyo ya ce, "Malam Bala, duk wata nawa ya kamata a riƙa canza mata baƙin mai?"

Na ce duk wata uku.

Ya ce, "To ka riƙa zuwa."

Bayan la'asar ya kama hanyar Kaduna. Baba Mamman da kansa ya rako shi a cikin Kunkuru har bakin titi. Nomau ya cika kwando da gwaiba, aka rasa inda za a sa shi don bayan motar cike yake da kaya. Kabiru ya buɗe ƙofar gaba, ya ɗora kwandon a kan bargon nan, ya ja bel ya ɗaure shi.